Yadda Malam Hattara Ya Ceci Yara Daga Wasa

In ana lissafin bayin Allah masu tausayin ƙananan yara, dole a fara da Malam Hattara, a huta, a sha ruwa, sannan a shiga neman na biyu. Kafin Allah ya kawo shi, yaran makarantar firamaren da ke bayan tashar mota suna zaune ne a bakin halaka ba su sani ba. Da ƙafafunsu suke gudu. Suna tsalle. Wasu har dariya suke yi baki buɗe, ƙuda na wucewa. Shekara da shekaru ana haka ba wanda ya mutu, abin da Malam Hattara ya ce ba komai ba ne illa sakacin shi kansa haɗarin, wanda bai cika zuwa aiki a kan lokaci ba.

Ba da wannan suna aka san shi da can ba. Malamin lissafi ne na aji uku, mutum mai sanyin hali, wanda in ya yi kuskure a allo yakan goge da hannun riga. Sai wata rana aka gayyaci makarantar taron bita a kan yadda za a koya wa yara kula da lafiya, kiyaye haɗari, walwala da zama 'yan ƙasa nagari. Malamar aji huɗu ce ya kamata ta je, haƙori ya kumbura mata kunci. Mataimakin shugaba ya ce surukarsa na kwance. Shugabar makaranta tana zaune ta yi tagumi, sai ga malamin lissafi ya leƙo ofis neman alli. Haka aka zaɓe shi. Daga baya in yana ba da labarin, cewa yake yi an tace malamai ne an sake tacewa, shi kaɗai ya rage a rariya. Masu sauraro, musamman mata, sukan ce lalle sun yarda.

Ya tafi da 'yar jakarsa, ya dawo da falmaran rawaya mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, da usur a wuya, da sabuwar tafiya. Ya kuma dawo da muƙami: Babban Jami'in Lafiya, Tsaro, Walwala da Kishin Ƙasa na Makaranta da Kewaye. Ba wanda ya ba shi "da Kewaye", a mota ya ƙara wa kansa. Malamai ba su yi gardama ba. Suka ce dama kewayen makarantar ya daɗe yana neman jami'i, ko ƙofa ba shi da ita.

Washegari da safe, bayan yara sun yi layi a fili, ya hau kan benci. Ya sauko, ya girgiza bencin don ya tabbata ba zai kayar da shi ba, ya sake hawa.

"'Ya'yana," in ji shi, "ni da kuke gani na je inda ake ilimi na dawo. Abin da idona ya gani, in na faɗa muku duka, wasunku ba za su ƙara fita daga ɗakin uwarsu ba. Ƙasan nan da kuke takawa, hattara. Iskan nan da kuke shaƙa, hattara. Fensirin da ke aljihunku, mashi ne da bai girma ba, hattara. Daga yau rayukanku suna hannuna, kuma ba na son godiya."

Ba a yi masa godiyar ba, amma kafin a tashi ya samu suna.

A faɗi gaskiya, ba duk abin da ya kawo ne shirme ba. Yara sun koyi wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu. Sun koyi duba dama da hagu kafin su tsallaka titin tasha. Sun daina ture ƙanana a bakin famfo. Da Malam ya tsaya a nan, da an yi masa addu'a an wuce. To amma babban mutum ba ya tsayawa inda ƙananan mutane ke tsayawa.

Ƙwallo ya fara kamawa. Ya ce abu ne marar alƙibla, ba shi da gaba ba shi da baya, ba ya shawara da kowa kafin ya tashi. Ya kulle shi a ɗakin ajiya. Igiyar tsallen 'yan mata ta bi baya, domin a cewarsa igiya maciji ce da ba ta yanke shawara ba tukuna. Lilon da ke jikin bishiyar tsakar makaranta ya ɗaure shi tamau a reshe. Wasan ɓuya ya haramta shi da hujja mai ƙarfi: yaron da ya ɓuya, ina za a same shi in gobara ta tashi? Gudu kuwa ba a ma maganarsa. Wanda fitsari ya matsa, an yarje masa sauri, amma da izini.

Da ya gama wannan jihadi, ya tsaya a baranda lokacin hutun hantsi ya dubi filin. Yara na tsaitsaye kamar an shuka su. Nan take basirarsa ta gano sabon haɗari: yaron da ba shi da abin yi, tunani zai fara. Sai ya karɓe hutun gaba ɗaya, ya mai da shi Darasin Walwala.

Darasin farko a kan muhimmancin wasa ne ga lafiyar yaro. Ya zana ƙwallo a allo, zane mai kyau, har da ɗinkinsa. Ya bayyana yadda gudu ke ƙarfafa ƙashi, yadda tsalle ke buɗe ƙirji, yadda yaron da ba ya wasa ke tashi da ƙuncin rai. Ya sa suka maimaita har sau ba adadi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko za a gwada. Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma irin wannan gaggawar ce ke cika asibiti.

Sannan aka zo kan dariya. A wajen bita an ce musu dariya magani ce, shi kuwa Malam ya san magani ba a shan sa barkatai. Ya tsara abin da usur. Gajeriyar busa, murmushi. Doguwar busa, dariya. In ya ɗaga hannu, a rufe baki. Duk hantsi masu shaguna na bakin tasha sukan ji wani sauti na tashi daga makarantar, "ha, ha, ha," a jere, kamar ana sara itace. Wani mai faci har ya zo ya tambayi mai gadi ko rasuwa aka yi.

Shugabar makaranta mace ce mai haƙuri da ta kusa ajiye aiki, ba ta son abin da zai tayar mata da hawan jini. Sau ɗaya ta kira shi.

"Malam, yaran nan fa sun fara barci a aji. Malamar aji biyu ta ce jiya rabin ajinta suka kife a kan tebur."

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe," ya ce. "Barci shi ne matakin ƙarshe na walwala. Ban zaci za mu kai can da wuri haka ba."

Ta dube shi, ta dubi usur ɗin, ta ce ya je Allah ya taimaka.

A gida ma ba a bar su cikin duhu ba. Da falmaran yake cin abinci. In matarsa ta ɗora mai a wuta, sai ta waiga ta gan shi tsaye a ƙofar kicin da bokitin yashi. Ta yi magana har ta gaji, ta koma aikensa sayen gishiri duk lokacin da za ta yi suya, har gishiri ya cika kwanon da ba nasa ba. Mahaifiyarsa, wadda suke zaune tare, ita kaɗai ce ba ta shiga tsarin ba. Ranar da ya hura mata usur don ta miƙe daga tabarma ba ta dafa bango ba, ta juyo a hankali.

"Kai, ni na koya maka tsallaka kwata. In ka sake busa min wannan abu, a rijiya za ka neme shi."

Tun daga ranar in zai wuce ƙofar ɗakinta yakan tura usur ɗin cikin riga, saboda girmama tsofaffi ma yana cikin darasin zama ɗan ƙasa nagari.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, da ke aji huɗu a makarantar. Sauran yara suna rabuwa da walwala in an tashi. Ita kuwa tare suke komawa gida.

Ana cikin haka labari ya zo cewa matar da ta koyar da su a taron bita, wata jami'ar ilimi, za ta ziyarci makarantar. Aka kuma ce tana neman malami guda da zai riƙa zagaya makarantu yana nuna wa sauran yadda ake yi. Malam Hattara bai ce yana so ba. Ya dai kai falmaran wajen mai guga, ya kuma fara tambayar abokan aiki, a fakaice, ko akwai falmaran da ta fi rawaya girma.

Ya yi tunanin abin da zai nuna mata. Wanke hannu kowa na yi. Tsallaka titi kowa na yi. Shi zaɓe zai shirya, na gaske, a tsakar fili, a ga yadda yaransa suka san 'yancinsu. Za a zaɓi Gwarzon Walwala, kuma duk wanda ya ci, shi ke da ta cewa a kan abin da za a riƙa yi da hutun hantsi. Ɗan takara na farko bai yi wuyar samu ba, domin yana cikin falmaran.

Na biyun ne ya gagara. Shi da bakinsa ya koya wa yara cewa zaɓen mutum ɗaya ba zaɓe ba ne, naɗi ne. Ya nemi mataimakin shugaba, ya ce surukarsa ta sake kwanciya. Ya nemi malamar aji huɗu, ta dafe kunci. Mai gadi ya ce shi iyali gare shi. Malam ya fahimci abin da ke faruwa, kuma bai ga laifinsu ba: wa zai yarda ya sha kaye a gaban baƙuwa? Sai ya shiga ɗakin ajiya, ya tsallake ƙwallo da igiya, ya zaƙulo wata tsohuwar kujerar katako wadda ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, ya tsayar da ita takara. Akwai kujeru masu lafiya a wajen, amma ko a siyasa mutum ba ya wasa da sa'arsa.

Ranar ta zo da rana mai zafi. Aka jera wa baƙuwa da malamai benci a baranda. Jami'ar 'yar gajeruwa ce mai tabarau, mai yawan gyaɗa kai. Yara suka wanke hannu a gabanta, suka tsallaka titin da aka zana da alli, suka yi murmushi da aka yi gajeriyar busa. Sannan aka ajiye kujera a tsakar fili, aka sa mata gutsuren bulo a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, Malam ya tsaya ɗan nesa da ita ya gyara murya.

"'Ya'yana, yau ranarku ce. Ni ba zan yabi kaina ba, aikina ya riga ni magana. Wa ya raba ku da ƙwallo? Wa ya raba ku da targaɗe? Tun da na karɓi ragama, ko gwiwa ɗaya ba ta kurje a makarantar nan ba. Ku dubi abokiyar takarata. Ba na zagin kowa, amma ku tambaye ta, wane taron bita ta je? Me ta taɓa hana ku? Tun da kuke da ita, ta taɓa ce muku hattara? Ko tsayuwa ba ta iya yi sai an tallafe ta. Duk da haka ina gaya muku, ƙuri'arku 'yancinku ce. Kada ku ji tsoron kowa. Ko ni kada ku ji tsorona. Ɗan ƙasa nagari abin da ke zuciyarsa yake zaɓa."

Don a yi adalci, ya ba kujera dama ita ma ta yi jawabi. Aka yi tsit. Iska ta kaɗa, wata 'yar takarda ta wuce. Kujera ba ta ce komai ba, ta kuma daɗe ba ta ce ba. Yaran nan rabonsu da jin shiru irin wannan a lokacin hantsi har sun manta. Sai tafi ya ɓarke, tafi na gaske, wanda ba a busa masa usur ba. Malam ya ɗan sunkuyar da kai. Ya san adalcinsa suke yi wa.

Ya bayyana ƙa'ida: kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so. Don kada kwarjininsa ya rinjayi kowa, ya juya musu baya, ya fuskanci baranda, ya rufe ido, usur a baki.

Ya ji takun ƙafafu, a natse, ba gudu ba turereniya. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ji motsi daf da bayansa, har numfashin yaro yana taɓa falmaran. Ya fara tausayin kujera. Ya yanke shawarar cewa a jawabin nasara zai ambace ta da alheri, ya ce ta yi ƙoƙari daidai gwargwado. Da takun ya lafa, ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne mataimakin shugaba ya cusa hula a baki, malamar aji huɗu kuma ta dafe kunci biyu.

Ya waiga.

Layin kujera ya miƙe sambal daga tsakar fili, ya zagaye famfo, ya wuce bishiya, ya kai bakin ƙofar makaranta inda mai gadi ya matsa ya ba shi wuri. Ƙanana a gaba, manya a baya. Kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa. An sa wani yaro mai sanda a sahun farko don kada ya wahala. Layi ne da duk malamin da ya gan shi zai yi alfahari. A bayan Malam Hattara kuwa mutum ɗaya ce, Auta, tana kallon ƙasa.

Numfashin da ya riƙe ya kuɓuce masa, kuma da yake usur na bakinsa, ta nan ya fita, doguwar busa. Yara masu biyayya ne. Suka fashe da dariya. Ya ɗaga hannu, ya ɗaga ɗayan, ya ɗaga duka biyun, amma wannan karon maganin ya fi ƙarfin likita. Har masu shagunan tasha suka leƙo ta katanga.

Jami'a ta sauko daga baranda tana goge tabarau, idonta ya yi ja.

"Malam, na zagaya makarantu da yawa. Kowa yana koya wa yara yadda ake cin zaɓe. Ban taɓa ganin wanda ya sadaukar da kansa ya koya musu yadda ake kayar da mai mulki cikin lumana ba. Da gangan ka shirya haka, ko?"

Malam ya dubi layin, ya dubi kujera.

"Tun farko, ranki ya daɗe," ya ce. "Ba kowa ne zai gane ba."

"To ƙarasa darasin. Taya wadda ta yi nasara murna."

Haka Babban Jami'in Makaranta da Kewaye ya taka a gaban yara da malamai, ya kama hannun kujera ya girgiza. Bulon ya goce, kujerar ta karkata, dole ya rungume ta don kada zaɓaɓɓiya ta faɗi ranar farko. Jami'a ta ce wannan shi ne siyasa ba da gaba ba.

Shugabar makaranta, wadda ta shekara ba a ga ta yi sauri ba, ta iso wajen kafin a ƙifta ido. Ta russuna a gaban kujera cikin ladabi.

"Ranki ya daɗe, akwai ƙwallo da igiya a tsare. In kina da ja a kan a sake su, ki faɗa." Ta kasa kunne. "Ba ta da ja."

Aka buɗe ɗakin ajiya. Abin da ya biyo baya, Malam bai iya kallo ba. Kafin a buga ƙararrawa gwiwoyi da dama sun kurje, masu gwiwoyin kuma suka je famfo da kansu suka wanke da sabulu, suka koma fili a guje.

Muƙamin kuwa ya same shi. Jami'a ta ce ba ta ga wanda ya cancanta kamarsa ba. Zai riƙa zuwa makarantu ɗaya bayan ɗaya yana maimaita wannan darasi daidai yadda ya yi shi yau, da jawabin, da juya bayan, da rungumar.

"Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar kujera," ta ce. "Kowace makaranta tana da tata."

Da la'asar ya zauna a tsakar gida ya ba iyalinsa labari. Kafin ya kai ƙarshe, labarin ya gyaru sosai. Ya zama shi ya horar da yaran su ƙi shi, kuma da ƙyar suka yarda, wasu har da hawaye. Matarsa tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, kafaɗunta dai suna rawa. Mahaifiyarsa ta tambaya ko ita kujerar za a ƙara mata albashi.

Bai kula su ba. Ya jawo Auta kusa, ya dafa kanta.

"Ku dubi wannan. Makaranta guda ta bi tsari, amma ita zuciyarta ta kasa. Ta ga gaskiya ta tsaya a bayanta ita kaɗai, ba ta ji kunyar kowa ba. Wannan ƙuri'a ɗaya ta fi min layin can duka. Faɗa musu, 'yar albarka. Me kika gani a wajen babanki da sauran ba su gani ba?"

Auta ta murza bakin hijabinta. An koya mata ɗan ƙasa nagari ba ya ƙarya.

"Baba, layin kujera a rana yake," ta ce. "Kai kuwa kana da inuwa."